Yarinyar da Ke Gama Aiki Kafin Kowa: Abin da Ya Faru a Wani Zaman CAPED a Zinder

A farkon hunturu ne na shiga ajin, wani CM1, wato aji biyar na firamare, a wata makarantar gwamnati da ke gefen birnin Zinder. Aikina shi ne ba malamai shawara kan koyarwa, don haka zama a bencin baya da ɗan kaye, wato littafin rubutu, a hannu ba baƙon abu ba ne a gare ni. Yara sun haura saba'in, uku-uku da huɗu-huɗu a benci, sauran a kan tabarma gaban allo. Malamin ɗan kwantaragi ne, matashi mai ƙwazo, shekararsa ta huɗu ke nan yana riƙe da alli. Darasin ranar ninkawa ne da lamba mai gida biyu. Ya rubuta 48 × 25, bai kai ga ajiye allin ba wata yarinya a layi na uku ta ɗaga allonta na hannu da 1200 a rubuce.

Ya ce mata, "Goge. Ki jera shi yadda na nuna muku."

Ta goge. Ta jera, ta gama cikin minti ɗaya, daga nan har aka tashi ba ta sake kallon allo ba. Zanen lalle take yi a bayan kayenta, ganye-ganye da ɗigo. Da surutu ya yi yawa sai malamin ya kira ta gaba, ya ba ta takarda ta rubuta sunayen masu surutu.

Da aka fita shan iska na kira ta gindin dogon yaro, na ce, "'Yata, ya aka yi kika samu 1200 da sauri haka?" Ta sunkuyar da kai, don ta ɗauka laifi ta yi. Sai da na maimaita da Hausa sannan ta saki jiki. Ta ce, "Mushe, ai 25 dala biyar ce. Dala biyar sau huɗu dala ashirin ke nan, ɗari guda. To 48 akwai huɗu-huɗu har 12 a cikinta. Ɗari-ɗari 12, jaka ɗaya da dala arba'in." Dala a nan sefa biyar ce, jaka kuwa dubu. Mahaifiyarta tana tuyar ƙosai da safe, ita ce ke karɓar kuɗi tana ba da canji tun tana CP, aji biyu. Abin da littafi ke kira sauya ninkawa da 25 zuwa rabawa da 4 da ninkawa da 100, ita a gaban kasko ta gano shi, ba wanda ya koya mata.

Na duba kayenta na aji. Amsoshi daidai, amma jan biro ko'ina, maki a rage saboda ba ta nuna hanya ba. A wuri ɗaya an rubuta mata cewa ta kwafa. Rajistar kiran suna kuma ta nuna fashin zuwa yana ƙaruwa tun tsakiyar Nuwamba.

Da na zauna da malamin bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Malam, wannan ba ta da matsala, shi ya sa hankalina ba ya kanta. Masu matsala sun fi hamsin a ajin nan. Akwai waɗanda har yanzu ba su iya karanta sunansu ba." Gaskiya ya faɗa, kuma ban ga laifinsa ba. Binciken PASEC na 2014, mai auna karatun 'yan firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna cewa a Nijar yaran da ke ƙarshen firamare waɗanda suka kai matakin da ake so a karatu ko a lissafi ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Duk horon da muke yi wa malamai tun daga nan, kan ceto waɗanda aka bari a baya yake, kuma ya cancanci haka. Sai dai a cikin wannan gudun an mance da yaron da ya riga ya iso yana jira. Fish, wato takardar darasi da malami ke shiryawa da dare, na yaro matsakaici ne; yana da gurbin abin da za a yi wa wanda bai gane ba, ba shi da gurbin wanda ya gane tun kafin a fara. Irin wannan yaro sai a mai da shi ɗan aike, ko mai share allo, ko ɗan sandan aji. Yarinyar nan ta samu duka ukun, abin da ta ci riba kuwa shi ne ƙawayenta sun daina zama kusa da ita.

Na nemi izinin darakta da na malamin in kai maganar zaman CAPED, inda malaman makarantu maƙwabta ke haɗuwa su tattauna aikinsu. Na yi wa malamin alkawarin ba zan ambaci ajinsa ba. Wannan alkawari yana da muhimmanci, domin tun jarrabawar da aka yi wa malaman kwantaragi a 2017, duk wanda ya shigo aji da takarda a hannu kallon mai neman laifi ake yi masa.

Mun kusa talatin a zaman. Na rubuta hanyar yarinyar a allo ba tare da na faɗi mai ita ba, na ce, "Wannan hanya daidai ce, ko sa'a aka yi?" Aka yi shiru mai tsawo. Wasu suka ce sa'a ce. Muka gwada da 36, ta ba da 900. Muka gwada da 52, ta ba da 1300. Sai wata madam ta ce to 50 fa, tunda ba ta rabuwa huɗu daidai? Nan ɗakin ya ɗau zafi, har wani ya tashi ya nuna cewa 50 tana da huɗu-huɗu 12 da saura 2, saura biyun kuma dala goma ne, wato 1250. Sai da kowa ya gamsu sannan na ce musu mai hanyar 'yar shekara goma ce, kuma an rage mata maki a kanta.

Wani dattijon malami ya ce, "Ranka ya daɗe, sai gida ya ƙoshi ake kai wa dawa. Muna fama da waɗanda ba su san baƙi ba, kana kawo mana zancen wadda Allah ya riga ya ba." Wani kuma ya tambaya ko akwai kuɗin zama, tunda sabon horo ne. Na ce babu ko dala, kuma ba zan ƙara musu rana ba. Awa ɗaya nake roƙo daga cikin zaman da muka saba. Ga dattijon kuwa na ce ita ma 'yar gida ce, kuma alamu sun nuna tana shirin barin gidan.

Gwajinmu na farko bai yi ba, kuma daga wurina kuskuren ya fito. Na ce musu duk yaron da ya gama da wuri a ba shi ƙarin aiki, ban nuna musu wane irin aiki ba. Malamin ya koma ya riƙa ba yarinyar lissafi goma bayan goman da kowa ya yi, iri ɗaya sak. Cikin mako biyu ta gane cewa ladan saurinta shi ne ninkin wahala, sai ta fara jan jiki, tana gamawa tare da na ƙarshe. Da na dawo ya ce mini da murna ai yanzu ta daidaita da 'yan'uwanta. Na daɗe ban ji abin da ya tayar mini da hankali kamar wannan kalmar ba.

A zama na biyu na faɗi abin da ya faru yadda yake. Mai warware mana ita ce wata madam da ta kusa ritaya, wadda ta tashi a gidan malamai a unguwar Birni. Ta ce, "Mu a gidanmu ban taɓa ganin almajiri yana jiran almajiri ba. Kolo da titibiri da gardi wuta ɗaya suke zagayewa, amma kowa da allonsa. Wanda ya kawo haddarsa malam ya saurara, in ta zauna ya ce je ka wanke, a yi masa ƙari. Wanda tasa ba ta zauna ba ya koma. Mu ne a lakwal muka ɗaure yara saba'in da igiya ɗaya." Dattijon da ya yi maganar dawa shi ne farkon wanda ya gyaɗa kai.

Kwatancen yana da iyaka, kuma mun faɗe ta a wurin. A tsangaya hanya ɗaya ce a jere, mai sauri gaba kawai yake yi. Mu kuma muna so yaro ya nutsa ciki, ya tambayi dalili, ba wai ya riga kowa kai ƙarshen littafi kaɗai ba. Amma abin da muka ɗauka daga maganarta babba ne: malamin allo yana saurare kafin ya ba da ƙari. Mu kuwa koyarwa muke fara yi, sai ƙarshen wata mu auna. Na gaya musu cewa masu bincike a Amurka, Joseph Renzulli da Sally Reis na jami'ar Connecticut, sun gina hanya a kan wannan tunanin: a auna yaro tun kafin darasi, a ɗauke masa abin da ya riga ya iya, a cike lokacin da abin da zai motsa shi. A binciken da Reis ta jagoranta, wanda aka fitar a 1993, malamai sun cire wa yara masu hazaƙa kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na abin da aka saba koyarwa, kuma sakamakon yaran bai faɗi ba. Malaman sun fi karɓar wannan bayan sun ji shi da bakin madam, da kalmomin gidansu.

Abin aunawar ma yana hannunmu tun tuni. Kowane malami a Nijar ya san tsarin La Martinière: a faɗi tambaya, a buga tebur, yara su rubuta a allon hannu, a sake bugawa su ɗaga. Muka juya shi kawai. Ranar Litinin, kafin a fara babin mako, malami zai yi tambaya biyar daga cikin babin, har da mafi wuya. Cikin minti biyar ya ga alluna saba'in. Wanda ya ci huɗu ko biyar zai saurari bayanin farko tare da kowa, amma lokacin maimaici sai ya koma tabarmar bayan aji, inda kwalin tambayoyi yake. Muka yarda kan abu biyu: ba za a sa wa tabarmar suna ba, kuma ba ta zama gadon kowa ba. Wanda ya hau ta a makon ninkawa yana iya rasa ta a makon awo.

Kwalin nan, kwalin sukari ne da aka yanka, shi ne ya zama ainihin horon, ko da yake ban hango haka ba da farko. Sharaɗin da muka sa shi ne ba malamin da zai saka tambaya a ciki sai ya warware ta da kansa a gaban 'yan'uwansa. Sai ga manyan mutane, wasu rabonsu da kokawa da lissafi tun BEPC, jarrabawar gama kwaleji, sun duƙufa a kan takarda suna gardama. Akwai ta jarka: kana da mai cin lita 5 da mai cin lita 3, ba awo a jikinsu, yaya za ka fitar da lita 4 daidai? A garin da kowane yaro ya san layin famfo da kurar 'yan ga-ruwa, wannan ba ta buƙatar gabatarwa. Akwai tara lambobi daga 1 zuwa 100, wadda ake ba da labarin masanin lissafi Gauss ya yi yana yaro ta hanyar haɗa ta farko da ta ƙarshe, 101 sau 50, ya samu 5050. Wadda ta fi cin lokaci ita ce ta dara. Gidajen dara 30 ne, layi 5 na gida shida-shida; wurare nawa ne za a iya jera uku a miƙe? Aka zana a ƙasa, aka kawo tsakuwa, wani ya ce 30, wani 40. Sai da aka raba aikin: kowane layi mai gida 6 yana ba da wuri 4, sau 5, ya zama 20, kowane mai gida 5 yana ba da 3, sau 6, ya zama 18. Jimla 38. Malamin yarinyar ne ya fara ganin haka, ya yi ta murna kamar yaro, kuma ina ganin a ranar ya fahimci abin da yarinyar ke rasawa a ajinsa fiye da duk bayanin da zan yi masa.

Muka kuma haɗa su biyu-biyu suna shiga ajin juna, irin abin da malaman Japan suka daɗe suna yi na nazarin darasi tare. Mai ziyara ba malami yake kallo ba. Yara uku ake ba shi, ya rubuta abin da kowannensu ya yi daga lokacin da ya ajiye biro. Wannan ya cire tsoro, tunda ba wanda ake ba maki.

Daga irin wannan ziyarar ne wani yaro ya fito fili. Ya girmi 'yan ajin, daga wani ƙauye na wajen Mirriya aka kawo shi, ya yi shekaru a makarantar allo kafin a sa shi lakwal, Faransancinsa kuma kaɗan ne. Kullum yana can baya, an riga an sa shi cikin marasa ganewa. Mai ziyarar ya lura yana leƙen tabarma, sai ya karanta masa tambayar jarka da Hausa. Yaron ya yi shiru, ya motsa yatsu, ya ce a cika mai biyar a juye a mai uku, saura biyu. A zubar da mai ukun a juye biyun a ciki. A sake cika mai biyar a ƙarasa mai ukun da lita ɗaya, huɗu ta rage. Da muka koma kan jerin yaran da malamai suka kira masu ƙwaƙwalwa a farkon shekara, sai muka ga yawancinsu 'ya'yan ma'aikata ne da ke jin Faransanci a gida. Wasunsu haziƙai ne ƙwarai, amma mun riƙa auna harshe muna cewa hankali muka auna. Abin ya fi ciwo a Zinder, garin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973, a jikin makarantar horon malamai. Yanzu kuma da kundin mulki na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ba malamin da ke da hujjar hana yaro bayyana tunaninsa da ita kafin ya mayar da shi Faransanci. Muka mai da haka ƙa'idar tabarma.

Abin da na fi riƙewa a duk shekarar ya faru ne a watan Fabrairu. Malamin yana nuna gwajin tara, wanda ake yi da giciye don a duba ko ninkawa ta yi daidai. Yarinyar ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, me ya sa tara? Me ya sa ba bakwai ba?" Ya gaya mini daga baya cewa amsar da ta zo bakinsa ita ce wadda aka ba shi yana yaro: haka ƙa'ida take, zauna. Ya haɗiye ta. Ya ce, "Ban sani ba. Rubuta tambayar a kwali, zan nemo mana." A gaban yara saba'in, ga malamin da ba shi da tabbacin aikinsa, wannan ba ƙaramar jarumta ba ce.

Ya kawo tambayar zama, kuma a cikinmu kaɗan ne suka iya cewa wani abu. Da tsakuwa muka kai ga amsa. Goma tara ce da ɗaya, ɗari 99 ce da ɗaya, dubu 999 ce da ɗaya. Saboda haka 234 ita ce 99 sau 2, da 9 sau 3, da ragowar 2 da 3 da 4. In ka kwashe tara-tara, abin da ya saura shi ne jimlar lambobin. Bakwai ba ta da wannan dangantaka da goma. A nan muka kuma ga abin da da yawa ba su taɓa lura da shi ba, cewa gwajin tara yana iya wuce amsar da ba daidai ba: in yaro ya rubuta 1020 a maimakon 1200, giciyen zai ce lafiya lau. Malamin ya koma aji ya ba ta tsakuwa da lambar 234 kawai, bai faɗa mata komai ba. Kwana biyu ta yi, ta zo da bayanin da kanta.

Darakta ya so a tsallakar da ita zuwa CM2, aji shida, nan take. Muka kira mahaifinta, tela ne, ya zo da zare a jikin rigarsa. Ya saurara, ya ce, "Mushe, na gode da kuka ga abin da Allah ya ba ta. Amma kada a ɗora mata abin da ya fi wuyanta, kuma kada a yi ta nuna ta. Bakin mutane ba shi da kyau." Na ga hikima a maganarsa. Shibtarta da rubutun Faransancinta matsakaita ne, tsallake aji gaba ɗaya zai iya karya ta a can. Muka tsaya a kan cewa za ta riƙa shiga CM2 lokacin lissafi kawai, sau uku a mako, aka daidaita jadawalin azuzuwan biyu. Mahaifiyarta kuma ta yarda ƙanenta ya karɓi canjin ƙosai daga ƙarfe bakwai da rabi. Fashin zuwa ya tsaya. An kuma ɗauke mata rubuta sunayen masu surutu.

Ba duka aka ci ba. Cikin kusan talatin da muka fara, waɗanda suka riƙe aunawar Litinin har zafin Afrilu ba su wuce takwas ba. Masu koyarwa a rumfar zana ba su da inda za su ajiye kwali. Na wani gara ta cinye shi cikin hutu. Yajin aiki ya ci mana zama biyu. Kusan duk tambayoyinmu na lissafi ne, ba mu yi wa yaron da baiwarsa ke wajen harshe ko zane komai ba, don ba mu da littattafan karatu da za mu ba shi. Malaman kwaleji kuma ba sa cikin zamanmu, ga shi can yaran za su je, kuma hanyar da ke kai wa ga Lise Amadu Kuran Daga ko gasar shiga Lisen Haziƙai ta Yamai ta ajinsu take bi. Na fara magana da takwarana na sakandare a kan haka.

Da aka koma a Oktoba an yi wa malamin canjin wuri zuwa wani ƙauye a hanyar Tanut. Ya bar kwalin a ofishin darakta, da takarda mai shafi biyu ga wadda ta gaje shi: sunan kowane yaro da ya taɓa hawa tabarma, da babin da ya hau a kai. Yaron Mirriya yana ciki sau biyar. Sabuwar madam ta zo zaman farko da takardar a jakarta, da wata tambaya da ta tsinta a ƙasan kwalin da rubutun yarinyar: in tara tana da gwaji saboda ta gaza goma da ɗaya, sha ɗaya fa, da ta fi goma da ɗaya? Mun raba wa kowa ita ya tafi da ita gida, da ita za mu buɗe zama mai zuwa.